Sadakar Waifai

Inna tana cikin takaba aka kawo akwatin intanet gidanmu. Baba ya rasu da bazara, kafin ruwan farko ya sauka kuma mijin Yaya ya aiko a kafa mana shi. Yaya ce babbarmu. Tana aure a Fatakwal, inda mijinta yake sayar da albasa. Ga ta da ciki, likita ya hana ta doguwar tafiya, don haka ko gaisuwar mutuwar Baba ba ta samu zuwa ba. Inna kuwa ko zaure ba za ta taka ba sai ta cika wata huɗu da kwana goma. Mijin Yaya ya ce tunda ba mai iya zuwa wurin wani, to a riƙa ganin juna ta waya.

Ƙauyenmu yana gefen Kutama, gidanmu kuma a gangare yake, daf da rafi. Sabis ba ya sauko mana. Duk mai son yin waya a unguwarmu sai ya hau tudun bayan firamare ya ɗaga hannu sama yana juyawa. Shi ya sa mutumin da ya zo daga Gwarzo ya taho da dogon ƙarfe, ya kafa shi a jikin katanga, ya ɗaura wani farin abu mai kama da murfin kwano a samansa. Ya jawo waya ta taga zuwa ɗakin Inna, ya ajiye farin akwati a kan kabad, ya jona shi da batirin sola. Wasu ƙananan fitilu kore suka kama, suna ƙiftawa.

Inna tana bayan labule. Ta ce da ni, "Ki tambaye shi, shi ma yakan ƙare kamar katin waya?"

Ban kai ga buɗe baki ba ya amsa da kansa. "Hajiya, wannan anlimitad ne, ba ya ƙarewa. Ku yi ta amfani da abinku, in wata ya zagayo surukinku ya sake biya."

Ya rubuta lambar sirri a bayan kwalin ya miƙo mini, tunda ni ce 'yar makaranta. Ina babbar sakandare lokacin, kuma ni ce wadda ko na san amsa a aji ba na ɗaga hannu. Na karɓi kwalin da hannu biyu, ban kalle shi ba.

Yaya 'yar fari ce, Inna kuma tana kunyarta irin kunyar mutanen da. Ban taɓa jin ta kama sunanta ba. "Yarinyar nan" take cewa, ko "'yar'uwarki". Tun da aka yaye Yaya, Gwaggo, yayar Baba da ke aure a Kabo, ta ɗauke ta. A hannunta ta girma, daga ɗakinta aka kai ta gidan miji. Da Baba ya rasu sai Gwaggo ta ɗaure kayanta ta dawo gidanmu don ta taya Inna zama.

Saboda haka duk lokacin da Yaya ta kira ta bidiyo, Gwaggo ce mai fizge wayar daga hannuna. Takan matso da ita har sai hancinta ya cika gilashin, tana magana da ƙarfi kamar Fatakwal ɗin za ta jiyo ta ba waya.

"'Yata! Kin ga yadda kika koma kuwa? Kamar kabewa! Shi mai albasan yana ba ki nama, ko albasar yake dafa miki safe da rana?"

Inna takan zauna a gefe a kan tabarma, ta ɗan juya baya, tana tsince wake a faifai. Amma na lura da wurin da take zaɓa. Kullum sai inda madubin kabad yake kallon wayar. Da Yaya ta yi dariya, yatsun Inna kan tsaya a cikin waken. Can sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ki ce mata ta rage gishiri." Yaya ta ce, "Ki ce mata na ji." Iyakar hirarsu ke nan, ni ce a tsakiya.

Maganar sadaka kuwa daga Malama ta faro. Malama maƙwabciyarmu ce, mutuniyar kudancin Kaduna, Kirista, ita ta koyar da ni lissafi a firamare. Ta shigo gaida Inna wata rana, ta ga akwatin, ta ce, "Au, ashe ku ne masu waifan nan da wayata take gani har cikin ɗakina."

Bayan ta tafi Inna ta tambaye ni abin da take nufi. Na ce abin yana ratsa katanga.

"Yana kai zaure?"

"Har gindin dalbejiyar ƙofar gida."

"Kuma ba ya ƙarewa."

"Haka mutumin ya ce."

Inna ta kalli akwatin. Baba mutum ne da bai taɓa barin randar ƙofar gida ba ruwa ba, saboda masu dawowa daga gona. Tun da ya rasu ba mai cika ta kamar yadda yake yi, abin kuma yana damun Inna. Ta ce, "To a ba kowa. Ki rubuta musu lambar inda za su gani. Allah ya kai ladan kabarin babanku."

Na ɗauki gawayi na rubuta lambar a bangon zaure, da manyan baƙaƙe, lokacin da na tabbatar ba kowa a waje.

Ba a daɗe ba ƙofar gidanmu ta canza. Bayan la'asar samari suke cika dakali, wasu a kan saiwar dalbejiya, kowa ya sunkuyar da kai yana kallon ƙwallo ko fim. Telan unguwa yakan zo duba sabbin ɗinki. Matan maƙwabta suna jingina da katanga ta cikin gidajensu, ina jiyo wa'azi daga wannan gefe, waƙar biki daga wancan. Duk wanda zai tashi sai ya ɗaga murya ya ce, "Allah ya jiƙan Malam." Inna tana daga ɗaki takan amsa da amin a hankali. Gwaggo tana mita, wai saura kaɗan mutane su fara ɗauko mota tun daga ƙauyen Mainika. Amma ita ma ta ga abin da na gani. Tun rasuwar Baba, a lokacin ne kawai fuskar Inna take sakewa.

Haka muka tafi har damina ta yi nisa, gero ya fi ni tsawo. Sai akwatin ya fara nauyi. Hoto yakan daɗe yana juyawa kafin ya buɗe, samarin waje suna tsaki. Mun ɗauka hadari ne. A cikin wannan makon ne Yaya ta haihu.

Saƙon murya ne ya zo daga mijinta. Na danna, 'yar da'irar nan ta yi ta juyawa, Gwaggo tana tsaye a kaina tana cewa in girgiza wayar. Da ƙyar ya buɗe. Ya ce an sauka, namiji ne, sai dai an yi mata aiki. Ya ce mahaifiyarsa tana wurinta. Ya ƙare da cewa, "Amma da sauƙi, alhamdu lillahi."

Gwaggo ta rangaɗa guɗa, ta manta gidan makoki ne, ta toshe bakinta da gefen zane. Ni Inna nake kallo. Da safen ranar da Baba ya rasu, wanda aka aiko daga asibiti abin da ya ce mana ke nan, da sauƙi. Har Inna ta dama kunu ta zuba a fulas za a kai masa. Na ga ta ajiye faifan da ke hannunta a ƙasa a hankali, kamar mai tsoron kada ya fashe.

Na gwada kiran bidiyo. Ya yi ta ƙara, aka ɗauka, gilashin ya yi baƙi, ya mutu. Na sake, ya sake mutuwa. Hoton jaririn ya iso daga baya, ya fara da duhu-duhu kafin ya washe. Jariri ne ja, ya dunƙule hannu. Na rubuta wa mijin Yaya cewa Gwaggo tana son hoton Yaya ita ma. Da hoton ya buɗe sai na ji da ban tambaya ba. Tana kwance, idonta a rufe, leɓenta ya bushe, an maƙala mata roba a bayan hannu. Ƙila barci take. Gwaggo ta fashe da kuka. Inna ba ta juyo ba, amma tana zaune a wurinta na kullum, madubin kuma yana gabanta.

Kashegari saƙon Yaya ya zo da muryarta, gajere, tana cewa kada a damu. Gwaggo ta sa na maimaita shi, ta ce, "Wannan muryar ba tata ba ce, ta wani ɗan tsako ce." Ta faɗa ne don a yi dariya, ba wanda ya yi.

Daga nan Inna ta kasa zama. Takan share tsakar gida, ta dawo ta sake share inda ta share. Ta ɗora tukunya a wuta ba ruwa a ciki, sai da na ji ƙauri na sauke. Sau da yawa nakan ga ta nufi zaure da sauri kamar an kira ta, ta isa ƙofar ciki ta tsaya, yatsun ƙafarta a kan dokin ƙofa, ta ɗan jima, ta juyo. Tudun bayan firamare ba shi da nisa, daga tsakar gidanmu ana hango kan bishiyoyinsa, amma takaba ta hana ta. Ba ta taɓa ambaton Yaya ba. Abin da take tambayata shi ne, "Fitilun nan lafiyarsu ƙalau?" In duba in ce ƙalau. Kore suke, suna ƙiftawa kamar ranar farko. Ni ma na daina gane abin da ake koyarwa a aji. Nakan tsinci kaina ina zana da'ira a gefen littafi.

Gwaggo ce ta ce in biya shagon mutumin idan an tashi daga makaranta, tunda a Gwarzo makarantarmu take. Na isa na tsaya a bakin ƙofa. Mutane suna shiga suna fita, ana gyaran waya, ana sayen caja, ni ina tsaye ina kallon takalmana da suka yi laka. Sai da ya sallami kowa sannan ya gan ni.

"'Yan mata, tsayuwa kika zo saya? Au, ke ce ta gidan Kutama. Yaya Hajiya? Yaya ƙarin haƙuri?"

Na gaishe shi na faɗa masa abin da ke faruwa, rabin maganar a cikin hijabina. Ya danna wayarsa, ya duba, ya buɗe ido.

"Kai! Gidanku tashar mota ce?"

Na ce Inna ce ta yi sadaka da shi.

Ya fara dariya, sai ya ga fuskata ya daina. Ya jawo benci ya ce in zauna, ban zauna ba. Ya ce, "To ki saurara. Lokacin da na kafa muku, wallahi ba wannan dokar. Kwanan nan kamfani ya fito da mudunsa. Kowane wata akwai abin da suke auna wa kowane gida mai gudu. In kun cinye shi ba za su yanke muku ba, amma za su mayar da ku ɗigo-ɗigo har watan ya cika."

"Amma ka ce ba ya ƙarewa."

"Ai bai ƙare ba. Saƙo yana shiga ko ba ya shiga? Su abin da za su ce miki ke nan. Har yanzu anlimitad suke kiran abinsu."

"Ba su faɗa mana ba."

"Sun turo saƙo."

"Ina?"

"Layin da ke cikin akwatin."

Ban san lokacin da na ce, "Wa zai karanta shi a cikin akwati?" ba. Ya tafa hannu ya ce wannan tambayar da zan kai ta ofishinsu da na taimaki jama'a, don tun safe shi ake zagi a kanta.

Na tambaye shi yaushe watanmu zai cika. Ranar da ya faɗa tana bayan suna da nisa. Ya ce hanya biyu ce. Ko a biya sabon wata tun yanzu, ko a canza lambar a kori kowa. "In ku kaɗai ne a kai, ɗigon nan zai iya ɗaukar kira. Hoton ba zai yi kyau ba, amma za a ga mutum. Yanzu kuwa rabin ƙauye ne suke rububinsa."

A mota ina ta jera yadda zan faɗa, ina rushewa. Da na isa gida na faɗa yadda ya zo mini, Inna tana kan tabarma, Gwaggo tana kan turmin da ta kifa.

Gwaggo ta ce, "To mene ne a ciki? A gaya wa mai albasa ya biya."

Inna ta ce, "Mutumin da ya biya aikin asibiti, ga ragon suna a gabansa? Ba da bakina ba."

Mu kuma ba mu da shi. Abin da Baba ya bari ya tafi a taki da 'yan noma, amfanin gona bai iso ba. Gwaggo ta san haka, ba ta ja ba.

"To a canza lambar. Ke, tashi ki goge bangon nan."

"Yaya," in ji Inna, da yake ita ma haka take kiran Gwaggo, "abin da na ba mamaci ne zan karɓe?"

"To bari in ɗauki muciya in fita. 'Yan banzan yara, sun shanye wa ƙanena sadaka a kan ƙwallo!"

"Ba a gori a kan sadaka. Ni na ce a ba su."

Gwaggo ta miƙe, turmin ya yi ƙara. "To ki zauna kada ki ga 'yarki!"

Tsakar gidan ya yi tsit, har ina jin ihun wani mai sharhin ƙwallo daga wayar wani a waje. Ba a taɓa ce wa Inna "'yarki" a gabana ba. Ta gyara ɗankwalinta ta ce, "Wa ya ce ina son ganin wani?" Ta tashi ta kwashe kwanukan da na wanke da safe ta kai su bakin rijiya ta hau wankewa.

Da yamma ina hura wuta Gwaggo ta tsuguna kusa da ni. Ta rage murya, abin da ba ta saba ba.

"Ke, uwarki sai ta bushe a tsaye ba ta faɗa ba. Tun tana amarya haka take. To ni ba ni da kunyar kowa, ki je ki ce ni ce. Ki ce Gwaggon Kabo tana son ganin 'yarta ranar suna, a ara mata hantsi. Aro na ce, ba ƙwace ba. Da azahar kowa ya dawo ya ci gaba da shan abinsa."

"Gwaggo, ke ki je mana."

"In na je da kaina zagi ne zai fito. Ke kuwa da wannan fuskar taki ta abin tausayi, ko dutse kika roƙa zai ba ki."

Gidan Malama na fara zuwa, ana jibi suna. Na yi sallama, na gaishe ta, na tambayi yara, na tambayi aiki, na sake tambayar yara. Tana yankan kuɓewa tana amsawa. Da gaisuwa ta ƙare mini na tsaya ina murza bakin hijabi.

Ta ce, "Tun kina aji uku haka kike yi in kina da magana. Faɗi."

Na faɗa mata duka, mudun kamfani da ɗigon, na ƙare da cewa Gwaggo ce take son ganin Yaya. Malama ta ajiye wuƙa. Ta dube ni, ta dubi katangar da ke tsakaninmu da ɗakin Inna.

"Gwaggo ce ko?"

"E."

"To, Allah ya nuna wa Gwaggo 'yarta lafiya." Ta goge hannu a zane. "Ni kaina na sha rabona, duk waƙoƙin cocin nan a nan na sauke su. Bar mini matan unguwa. Amma ki gaya wa samarinku, ba wai su daina kallo kawai ba. Su kashe waifan gaba ɗaya, don wayar takan hau da kanta ko tana aljihu."

Samarin su ne abin da nake tsoro. Kullum in zan wuce su nakan manne da bango. Ranar na fita da bokiti kamar mai zuwa ɗiban ruwa, na wuce su, na kai bakin hanya, na dawo da bokitin ba komai. Na sake fita. A dawowa ta biyu wani daga cikinsu, ɗan telan unguwa, ya ce, "Ƙanwata, bokitin nan yawon shan iska kike kai shi?"

Aka yi dariya. Na tsaya. Ƙasa na gaya wa maganar, ba su ba. Wani ya ce bai ji ba, ɗan telan ya ce, "Kai rufe mana baki, yarinya tana magana." Na sake faɗa da ɗan ƙarfi.

Wani ya ce, "Au, shi ya sa tun jiya ɗan wasan nan ya ɗaga ƙafa bai buga ba?"

"Kai ka cinye ai, da finafinanka na Indiya masu tsawon damina."

"Ni? Wa yake kwana a nan kamar mai gadi?"

Ɗan telan ya ɗaga hannu. "Ki ce wa Gwaggo ta kwantar da hankalinta. Jibi ko kaza ba za ta hau waifan nan ba. Ni zan zauna a bakin zauren." Ya ƙara da cewa, "Ki gaida Inna." Yadda ya faɗa na gane su ma sun san wadda take son ganin Yaya.

Ban gaya wa Inna komai ba. Amma ranar suna da safe ta fito ta tsaya a tsakar gida tana saurare. Ba ƙwallo, ba wa'azi, ba waƙa, sai kukan kurciya da ƙarar rafi da ya cika. Ta dube ni. Na sunkuya na ci gaba da wanke kofuna.

Mata suka fara shigowa barka tun da hantsi, kamar yadda ake yi ko da mai jegon ba ta gidan. Malama ta tsaya a ƙofar ciki. Duk wadda ta shigo sai ta ce, "Maman yara, kawo wayar in gani," ta duba, ta mayar mata. Wata tsohuwa ta ce tata ko hoto ba ta ɗauka, Malama ta ce ba komai, a kashe ta ita ma don albarka. Gwaggo ta sha ɗaurin biki tana kai da kawowa, tana gaya wa kowa cewa ita ce ta tayar da hankalin unguwa, kuma ba ta ba kowa haƙuri ba.

Muka shiga ɗakin Inna, ni da Gwaggo. Matan suka tsaya daga ƙofa. Inna tana kan tabarmarta da faifai, ko da yake ba wake a cikinsa. Hadari yana haɗowa ta gabas, ɗakin ya yi duhu, na ji tsoron kada ruwa ya riga mu. Na danna kira.

Ya yi ƙara. Aka ɗauka. Gilashin ya yi baƙi. Sai wasu 'yan murabba'ai suka fara fitowa, ja da ruwan ƙasa, suna haɗuwa suna wargajewa. Murya ta zo a yanke. Can sai murabba'an suka zama ɗankwali, suka zama fuska.

Yaya ce, a zaune. Ta jingina da bango, jaririn yana kan cinyarta. Fuskarta ta faɗa, amma idonta a buɗe yake, tana motsi, tana gyara wa yaron zane. Gwaggo ta fizge wayar.

"'Yata! Ɗaga hannu in gani! Ɗaya hannun! To miƙe tsaye."

Muryar Yaya ta zo a gutsure. "Gwaggo, aiki fa aka yi mini, ba dambe na je ba."

Matan ƙofa suka kwashe da dariya. Yaya ta faɗi sunan yaron, sunan Baba aka mayar. Gwaggo ta fara kuka, ta ture mini wayar ta fita tsakar gida tana fyace hanci, matan suka bi ta suna ba ta baki. Ɗakin ya rage ni da Inna.

Yaya ta ɗago yaron kusa da fuskarta, ta buɗe baki za ta yi magana, sai hoton ya tsaya cak. Tana kallonmu, bakinta a ɗan buɗe, kumatun yaron a jikin nata. Muryar ta ɗauke. Na jira, bai motsa ba.

"Ya mutu?" in ji Inna.

"Bai mutu ba. Tsayawa ya yi."

"Ita tana ganinmu?"

"A'a. In ya tsaya a nan, can ma ya tsaya."

Inna ta dubi ƙofa. Ba kowa. Ta ajiye faifan, ta goge tafinta a cinya, ta miƙo hannu. Na sa mata wayar. Ba ta iya riƙe ta ba, ta tallafe ta da hannu biyu kamar ƙwaryar da ta cika, ta matso da ita kusa da taga inda haske yake. Ta kalli Yaya ido da ido. Ban taɓa ganin ta yi haka ba. Ta bi fuskar da kallo daga goshi zuwa haɓa, ta duba wuyan, ta duba hannun da aka maƙala wa roba. Leɓenta yana motsi, ban ji abin da take cewa ba. Na kawar da kaina na kalli bango.

Ruwa ya fara buga kwano, ɗai-ɗai. Wayar ta yi 'yar ƙara, gilashin ya koma baƙi, kiran ya yanke. Inna ta ci gaba da kallonsa. Daga tsakar gida ina jin mata suna kwashe shanya, Gwaggo tana tambaya ko an gama.

Inna ta miƙo mini wayar, amma ba ta koma wurinta ba. Ta zauna a bakin gado kusa da ni, kafaɗarta tana taɓa tawa.

Ta ce, "Sake kira. Ba ta gama maganarta ba."

Na danna.